Kwandalar azurfa mai hoton dodo: me mai saye yake biya wa kuɗi?

A watan Oktoban 2025 farashin azurfa ya haura dala 50 a kan kowace oza (kimanin giram 31) a kasuwar duniya, matakin da sau biyu kacal aka taɓa ganin irinsa, a Janairun 1980 da Afrilun 2011. Duk lokacin da ƙarfe mai daraja ya yi irin wannan tashi, masu talla kan biyo baya da gudu. Daga cikin abin da suke tallatawa akwai wata irin kwandala mai sheƙi da ake sakawa a ɗan akwati mai kyau. A fuska ɗaya akwai dodo mai fukafukai yana aman wuta, ko boka mai doguwar hula da sanda, ko wani jarumi na fim. A ɗaya fuskar akwai tambarin wata ƙasa da ba kowa ya san da zamanta ba, an rubuta "dala 2". Kuɗin sayenta kuwa yakan kai dala 100 ko fiye.

Tallan yakan jero alkawura huɗu: azurfa ce zalla, halastaccen kuɗin ƙasa ne, an buga ta da lasisi, kuma adadinta ƙayyadadde ne. Duka huɗun suna iya zama gaskiya, amma mai saye ya fahimci abin a baibai, domin kowane alkawari yana da ma'anar da ta fi ƙunci a kan yadda kunne yake jin ta.

Abu uku masu kama da juna

Na farko shi ne kwandalar jari. Gwamnatoci ke buga ta da yawa, miliyoyi a shekara, don masu son adana dukiya a ƙarfe. Irinta ce Silver Eagle ta Amurka da aka fara a 1986, da Maple Leaf ta Kanada, da Britannia ta Birtaniya. Zanenta ba ya cika sauyawa, kuma farashinta yana bin farashin azurfa sau da ƙafa, da ɗan ƙari kaɗan a sama.

Na biyu shi ne kwandalar masu tarawa, wadda ita ce batunmu. Tana ɗauke da sunan ƙasa da adadin kuɗi, doka ta san da ita, amma ba don kasuwa aka yi ta ba. Ba za a gan ta a hannun mai shago ko direban mota a ƙasar da sunanta ke jiki ba. Ana buga 'yan dubbai, wani lokaci 'yan ɗaruruwa, a yi mata fenti, ko a zurfafa zanen har ya taso, ko a dusashe ta ta yi kama da tsohon abu.

Na uku faifan azurfa ne kawai, mai siffar kwandala amma babu sunan wata ƙasa ta gaske a jikinsa. Wani ƙaramin kamfani a jihar Arkansas ta Amurka, Shire Post Mint, ya shahara da irin wannan: yana buga kuɗin masarautun da ke cikin littattafan almara, da izinin masu littattafan, kamar dai wanda jaruman labarin za su kashe a kasuwarsu. Ba ya cewa kuɗin wata ƙasa ne, kuma ba a saye da wannan zato.

Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce. Idan aka rubuta 999 a jikin kwandala, ana nufin kashi 999 cikin 1,000 azurfa ce. Akwai 925, akwai kuma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kwandalolin yuro 10 na Harry Potter da gidan buga kuɗin Faransa, Monnaie de Paris, ya fitar a 2021 nauyinsu giram 17 ne, amma azurfar ciki kashi 333 ce cikin 1,000, wato ba ta kai giram 6 ba. Ita ma "kwandalar azurfa" ake kiran ta.

Lasisi biyu ne, ba ɗaya ba

Idan talla ta ce an buga da lasisi, yawanci izinin mai labarin da aka ɗauko hoton daga cikinsa take nufi. Surar jarumi, sunansa, har salon rubutun sunan fim, duk dukiya ce da doka ke karewa. Haƙƙin yin kaya da labaran The Lord of the Rings da The Hobbit yana hannun Middle-earth Enterprises, wanda kamfanin Embracer na Suwidin ya saya a 2022 a kan kusan dala miliyan 395. Star Wars ya koma hannun Disney a 2012 bayan cinikin da ya haura dala biliyan 4. Kayan Harry Potter kuwa Warner Bros. ke ba da izininsu. Mai buga kwandala yakan biya waɗannan kamfanoni wani kaso na cinikinsa, sau da yawa da wani adadi da zai biya ko kaya sun shiga ko ba su shiga ba, kuma sai sun duba zane sun amince kafin a buga. Wannan kuɗi a kan mai saye yake ƙarewa.

Lasisi na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne mafi muhimmanci wajen gane abin. Kamfani mai zaman kansa ba shi da ikon ƙera ƙarfe ya kira shi kuɗi. Wani Ba'amurke, Bernard von NotHaus, ya gwada da sulallansa na azurfa da ya sa wa suna Liberty Dollar, kuma a Maris 2011 wata kotun tarayya a jihar North Carolina ta same shi da laifi. Saboda haka mai buga kwandala yana buƙatar wata gwamnati da za ta ce, a rubuce, wannan kuɗinta ne. Manyan ƙasashe suna da gidajen buga kuɗinsu, ba sa ara wa kowa suna. Ƙananan ƙasashe kuwa suna bayarwa, a biya su.

To, hannu huɗu ke cikin kwanon: mai labari, gwamnatin da ta ba da suna, masana'antar da ta buga, da dillalin da ya sayar. Wani lokaci akwai na biyar, kamfanin da ya tsara aikin ba tare da yana da injin buga ko ɗaya ba, kamar CIT na ƙasar Liechtenstein, wanda masana'antar B.H. Mayer ta Jamus ke buga masa, a fitar da sunan tsibiran Cook ko Palau ko Mongoliya.

Yadda Niue ta zama uwa a wannan harka

Niue tsibiri ne guda a kudancin tekun Pasifik, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 260, mutanen da ke zaune a kansa ba su kai 2,000 ba. Tun 1974 yake mulkin kansa bisa yarjejeniya da New Zealand, kuma dalar New Zealand ake kashewa a Alofi, babban birninsa. Duk da haka da wuya a sami ƙasar da sunanta ya hau kwandalolin fim da almara kamar nasa. A 2001 ya fitar da na Pokémon. A 2011 kamfanin New Zealand Mint ya buga na Star Wars da sunansa, hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu a fuska ɗaya, jaruman fim a ɗaya. Na Disney suka biyo baya daga 2014. Wata masana'anta a birnin Gdansk na Poland ta buga jerin kwandalolin labarin The Witcher, su ma da sunan Niue.

Sunan New Zealand Mint kansa yana rikita mutane. Kamfani ne mai zaman kansa a Auckland, kuma ba shi ke buga kuɗin New Zealand ba. Ikon fitar da kuɗin ƙasar na babban bankinta ne, kwandalolin tunawa kuma ta hannun hukumar gidan waya suke fitowa. Ita ce ta fitar da na The Hobbit a Nuwamban 2012, inda mafi tsadarsu, ozar zinare mai rubutun dala 10, aka sa mata farashin dalar New Zealand 3,695. Tunda kamfanin ba zai iya sa sunan ƙasarsa ba, ya nemi na maƙwabta. Haka ma Perth Mint, mallakar gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya, yake buga irin waɗannan da sunan Tuvalu, ƙasar da mutanenta ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba.

Ga ƙasar da ba ta da ma'adinai, ba ta da masana'antu, kuma jirgi ke kawo mata kusan komai, sunanta na ƙasa mai cin gashin kai yana cikin 'yan abubuwan da za ta iya sayarwa. Ta haka ake sayar da kan sarki ga masu tarawa, da izinin kamun kifi, da rajistar jiragen ruwa. Tuvalu tana samun kuɗi mai kauri daga haruffan intanet ɗinta, .tv, da tashoshin bidiyo ke so. Kwandala ɗaya ce daga cikin waɗannan ƙofofi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Franklin Mint na Amurka, da aka kafa a 1964, ya shafe shekarun 1970 yana buga wa Bahamas, Jamaika, Panama da wasu ƙasashe kwandalolin da aka yi domin masu saye a Amurka. Mutane da yawa sun tara su da niyyar jari. Da azurfa ta yi tashin gwauron zabi a 1980, ɗimbin kayan kamfanin a tukunyar narkarwa suka ƙare, domin ƙarfen ya fi zanen kasuwa. Abin da ya sauya a wannan ƙarni shi ne shigowar manyan kamfanonin fim da wasannin kwamfuta, da sayarwa ta intanet, da kuma shigar gidajen gwamnati cikin rububin. Royal Mint, gidan buga kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya fitar da nasa na Harry Potter a 2022.

Me "halastaccen kuɗi" yake nufi

A kunnen mai saye, wannan kalma tana nufin ko ba komai zai iya kai kwandalarsa banki a ba shi abin da aka rubuta a jiki. A doka ma'anar ta fi haka ƙunci. A Birtaniya, alal misali, tana nufin abin da idan mutum ya miƙa don biyan bashin da ke kansa, ba za a ce bai biya ba. Ba ta tilasta wa mai shago karɓa, ba ta tilasta wa banki.

An ga haka a zahiri. A 2013 Royal Mint ya fara sayar da kwandalar azurfa ta fam 20 a kan fam 20 daidai, ta farkon ma hoton jarumi ne yana kashe dodo. Ta fam 50 da ta fam 100 suka biyo baya. Da wasu suka fara saye da yawa suna kaiwa banki, a farkon 2016 aka sanar da bankuna cewa waɗannan kayan tunawa ne, kada a karɓe su a kanta. A 2020 wani mutum ya sha mai na fam 60 a birnin Exeter, ya miƙa kwandalar fam 100, aka ƙi karɓa, aka kira 'yan sanda suka kama shi. Daga baya rundunar ta biya shi diyyar fam 5,000. Doka ta kare shi, tunda man ya riga ya shiga mota ya zama bashi, amma sai da ya bi ta hannun 'yan sanda kafin ya tabbatar da hakan.

Kanada ta bi wata hanya. Gidan buga kuɗinta ya fara sayar da kwandalar dala 20 a kan dala 20 a 2011, mai ɗauke da azurfa kusan giram 8, daga baya har da masu hoton Superman da jirgin Star Trek. A can an yarda a mayar a karɓi kuɗi. Da farashin azurfa ya faɗi, mutane suka yi ta mayarwa, kuma a farkon 2017 aka rufe shirin.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake rubuta ɗan ƙaramin adadi a kwandalolin Niue da Tuvalu. Muddin azurfar ciki ta ninka abin da aka rubuta sau da yawa, babu mai hankalin da zai je Alofi neman dala 2, don haka gwamnati ba ta ɗauki nauyin komai ba. Amfanin rubutun a wani wuri yake. Yana sa kaya su shiga kundin masu tara kuɗin ƙasashe, yana sa yin jabunsu ya zama babban laifi, kuma a wasu ƙasashe yana sauya yadda kwastam da masu haraji ke kallonsu. Ko nan ma da iyaka. Mazaunin Birtaniya ba ya biyan harajin riba idan ya sayar da kwandalar da take kuɗin Birtaniya ce, amma ta Niue ba ta cikin wannan rangwame. Kuma yayin da zinaren jari ba ya ɗaukar harajin sayen kaya a Birtaniya da Tarayyar Turai, azurfa tana ɗauka: kashi 20 cikin 100 a Birtaniya, kashi 19 a Jamus.

Sunan Nijar, Chadi, Kamaru da Gana

Duk wanda ya leƙa shagunan dillalan kwandala na Turai da Amurka a intanet zai tarar da sunayen ƙasashenmu. Kamfanin Scottsdale Mint na jihar Arizona ya fara buga jerin kwandaloli masu hoton fir'aunoni da gumakan tsohuwar Masar a 2016, da sunan Jamhuriyar Chadi. Ya buga mai hoton dodon almarar Sin da sunan Kamaru a 2018, da mai hoton halittar wata duniya da sunan Gana a 2021, an rubuta sidi 5. Akwai kuma masu tambarin Jamhuriyar Nijar, an rubuta sefa 1,000, wato jaka ɗaya, da kamfanonin Turai ke bugawa. Jaka ɗaya yuro ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya, tunda yuro ɗaya a tsaye yake kan sefa 655.957. Ba a ganin waɗannan a kasuwar Maraɗi ko ta Garwa ko ta Kumasi, kuma mafi yawan 'yan ƙasa ba su san ana yi ba.

A ƙasashen sefa akwai wani ƙulli da babu shi a Niue. Nijar tana cikin ƙasashe takwas da ikon fitar da kuɗinsu yake hannun BCEAO kaɗai, babban bankinsu da ke da hedikwata a Dakar. Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe shida da ke ƙarƙashin nasu babban bankin, BEAC, a Yawunde. Sulallan da ke yawo a kasuwa sunan waɗannan bankuna ke jikinsu. Idan kwandala ta fito da sunan ƙasa ɗaya da tambarinta, bisa izinin da kamfani ya ce ya samu daga gwamnati, tambaya takan taso: izinin wata ma'aikata zai iya mayar da ƙarfe ya zama sefa, alhali yarjejeniya ta ba babban banki wannan iko shi kaɗai? Masu tarawa sun daɗe suna muhawara a kai. Dillalai suna riƙe da takardun izininsu, masu shakka kuma suna cewa takardar da ba ta fito daga mai ikon fitar da kuɗi ba, izinin amfani da tambari ce kawai. Wanda ya sayi irin wannan kada ya sa rai wani banki a Yamai ko Injamena zai karɓe ta.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗan ƙasa ko da bai taɓa saye ba. Tambarin ƙasa dukiyar jama'a ce. Idan ana ba da shi haya, 'yan ƙasa suna da haƙƙin sanin wa ya sa hannu, nawa ake biya, wane asusu kuɗin ke shiga, kuma wa ke duba hoton da za a liƙa a bayan tambarin. Ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi da Kirista ne tana iya wayar gari sunanta yana jikin gunkin wata al'umma, ba tare da an taɓa tattauna batun a majalisa ko a rediyo ba. Wannan tambaya ce da 'yan jarida da 'yan majalisa za su iya yi a fili, kuma ta cancanci amsa.

Lissafin farashi

A ɗauka azurfa tana dala 50 kan oza, kuma ana sayar da kwandalar oza ɗaya a kan dala 120. Dala 50 ce ƙarfe. Sauran dala 70 ita ce kason mai labari, kason gwamnati, aikin zane da bugu, fenti, akwati, takardar shaida, talla da ribar dillali. Ranar da mai ita ya tashi sayarwa, dala 50 ɗin tana da mai saye a ko'ina a duniya, gwargwadon farashin ranar. Dala 70 ɗin kuwa sai an sami wani mai son wannan labari, mai son wannan zane, wanda bai riga ya mallaki tasa ba.

Daga nan ake gane wani abu da tallan ba ya faɗa. Idan azurfa ta ninka ta koma dala 100, wanda ya sa dala 120 a kwandalar jari ya sami sama da oza biyu, dukiyarsa ta kusa ninkawa. Mai kwandalar almara kuwa ƙarfensa bai ma kai abin da ya kashe ba tukuna. Tashin farashi yakan cinye ƙarin da aka ɗora a sama, ba ya ninka shi.

Batun ƙayyadadden adadi ma yana son lura. Tsohuwar kwandala tana wuya ne saboda zamani ya cinye 'yan uwanta. Sabuwa kuwa a ofis aka yanke adadinta, kuma kusan kowace ɗaya tana nan lafiya lau cikin robarta, domin babu mai kashe ta. Kamfanin da ya ce 5,000 kawai zai buga yana iya cika alkawari, sannan ya fitar da jarumin nan a oza biyu, da mai ruwan zinare, da mai fenti, da mai wata shekara, kowanne da nasa ƙayyadadden adadi. Ƙarancin kaya ba ya tayar da farashi sai masu nema sun fi kayan yawa.

Akwai kamfanonin tantancewa, manyansu PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, duka a Amurka. Suna duba kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a roba. Maki 70 yakan ƙara farashi, amma a sabbin kwandaloli da suka fito daga inji kai tsaye zuwa akwati, masu 69 da 70 suna da yawa, kuma tantancewar ma kuɗi ce.

Masu yabo da masu suka

Masu yabo suna da hujjoji na gaske. Aikin hannu da na inji da ake zubawa a waɗannan kwandaloli ya kai matsayin da ba a taɓa gani ba a kuɗin kashewa, kuma gasar da ke tsakanin masana'antu ce ta kawo hakan. Sun jawo matasa cikin sha'awar da a da ake ganin ta dattawa ce. Mai son labari, in ji su, dama zai kashe kuɗi a kan riga ko ɗan mutum-mutumin roba da ba su da wata daraja bayan shekara biyar, to gara abin da aƙalla akwai azurfa a cikinsa. Ƙananan ƙasashe suna samun kuɗin shiga ba tare da sun ci bashi ba. Kuma gaskiya ne wasu fitowar, musamman na farko a jerin da ya karɓu, sun yi tsada a hannu na biyu.

Masu suka, waɗanda da yawansu tsofaffin masana tarihin kuɗi ne, suna cewa kwandala shaida ce ta mutanen da suka kashe ta, sarakunansu, cinikinsu da abin da suke girmamawa. Wadda babu abin da ya haɗa hotonta da ƙasar da ke jikinta, a ganinsu kayan talla ce da aka yi wa rigar kuɗi. Suna ƙarawa da cewa sabbin fitowa sun yi yawa har babu aljihun da zai bi su, kuma ana yawan ba da labarin 'yan kaɗan da suka yi tsada, a yi shiru a kan tarin da ake sayarwa ƙasa da kuɗin saye.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba kan abu ɗaya suke jayayya ba. Masu yabo suna magana a kan abin sha'awa, masu suka suna magana a kan jari da tarihi. Wurin da cutarwa ke shigowa shi ne inda aka sayar da abin sha'awa da harshen jari, ga mutumin da kuɗin gumi ya tara yana neman inda zai ɓoye su daga faɗuwar darajar kuɗi.

Ga mai saye daga Kano, Zinder ko Tamale

Da dala ko yuro ake saye, don haka canji ne farkon abin da zai ci. Sai kuɗin aikowa, da inshora, da abin da kwastam za su caje. Kafin kaya su iso hannu, tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka kashe da darajar ƙarfen ta ƙara faɗi.

Sayarwa ta fi saye wuya. Kasuwar azurfa a ƙasar Hausa tsohuwa ce, kuma da sikeli take magana. Liyarin Mariya Tereza na Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780 ko yaushe aka buga shi, ya ratso Sahara ya karɓu a Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19 saboda an san nauyinsa, kimanin giram 28, an kuma yarda da azurfarsa. Da yawansa a hannun maƙeran fari ya ƙare, ya zama zobe da munduwa. Yau ma wanda ya kai kwandalar dodo wurin mai sayen azurfa, ɗora ta zai yi a sikeli. Akwati da takardar shaida ba su da nauyi a wurinsa. Masu biyan kuɗin zane suna ƙasashen waje, kuma isa gare su yana buƙatar asusun sayarwa a intanet, da aikawa, da kason dandalin.

Jabu ma ya cika kasuwa, musamman yanzu da farashi ya tashi. Kwandalar da ake tallatawa ƙasa da kuɗin azurfar da aka ce tana ciki, ba azurfa ba ce. Azurfa ba ta kama maganaɗisu. Nauyi da faɗi da kauri dole su dace da abin da masana'anta ta wallafa, domin tagulla da aka yi wa ruwan azurfa ba ta iya cika ukun a lokaci guda. A kuma karanta bayani da kyau: "mai ruwan azurfa" daban, "azurfa 999" daban, kuma kamfanoni na gaskiya ma suna sayar da nau'in farko da araha.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambayoyi uku. Ta farko ita ce ta hannu da hannu. Hadisin Ubadatu bin Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shardanta daidaito da karɓa nan take idan za a musanya azurfa da azurfa, idan kuma jinsi ya bambanta, an yafe daidaito amma karɓa nan take tana nan. Mafi yawan malaman zamani suna ba kuɗin takarda hukuncin zinare da azurfa, saboda haka biyan kuɗi yau a karɓi kwandala bayan makonni yana da magana. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, a ƙa'idar da ta fitar kan zinare a 2016, ta yarda da karɓa ta hukunci, wato ko kaya ba su shiga hannu ba, idan an ware wa mai saye kayansa takamaimai a ranar ciniki. Amma kwandalolin almara da yawa tun kafin a buga su ake karɓar kuɗinsu, kuma abin da babu shi ba ya waruwa.

Ta biyu ita ce sura. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakkiyar surar mai rai da ke da inuwa da zanen da ke shafe a kan abu, suna tsananta ta farko, suna sassauta na biyu. Masu sassauci suna kuma tuna cewa Musulmin farko sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotuna har zuwa gyaran da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya yi wajen shekara ta 77 bayan hijira. Masu tsanantawa suna amsa cewa wancan kuɗin buƙata ne, wannan kuwa don surar ake sayen sa a ajiye a girmama, wani lokaci ma surar boka ce ko abin bautar wasu. Kwandalolin da zanensu ya taso sosai sun fi shiga wannan saɓani.

Ta uku zakka ce. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Kwandala 19 masu oza ɗaya ba su cika shi ba da 'yan giram kaɗan, 20 kuwa sun haura. Wanda ya mallaki haka shekara ta zagayo, kashi 2.5 cikin 100 ya hau kansa, ko da bai taɓa buɗe akwatin ba, kuma ana haɗa azurfar da sauran kuɗin da ke hannunsa wajen cika nisabi. Wanda ya saya don ya sayar ya ci riba kuwa ya shiga babin kayan kasuwanci, wanda lissafinsa ya danganta da irin kasuwancin da yake yi, kuma wannan sai ya zauna da malamin da ya san halinsa.